Yadda Ake Haɗa Wayar Gida Marar Igiya da Intanet Don Yin Kira

Mutane da dama sun yi ta tambayata yadda na girka wa mahaifiyata wayar gida marar igiya wadda take kira kuma take amsa kira ta intanet, ba tare da an sa mata layin SIM ba. Abin da ya sa na yi wannan aiki shi ne Hajiya ba ta shiri da wayar shafawa, da zarar kira ya shigo sai ta shafi gefen da bai kamata ba ta katse shi, alhali wayar da ke da manyan maɓallai da ƙara mai ƙarfi ba ta ba ta wahala ko kaɗan. Masu shaguna da ƙananan ofisoshi ma suna son irin wannan tsari, domin lambar tana zama ta wurin sana'a, ba ta bin aljihun yaron shago idan ya tashi.

Ita wayar marar igiya aikinta bai wuce ɗauko murya daga hannunka ta kai wa mazauninta da ke girke a ɗaki ba. Abin da ke fitar da muryar zuwa duniya abu uku ne: asusu a kamfanin da ke sayar da layin kira ta intanet, na'urar da ke tsakanin wayar da rauta (akwatin da ke raba intanet a gida), sai kuma intanet da wutar da ba sa yawan yankewa. Na jera matakan ne yadda ba za ka saki kuɗinka a kan kaya ba sai ka tabbatar layin zai yi aiki a gidanka, saboda haka kada ka tsallake zuwa sayayya.

Mataki na 1: Gane irin wayar da ke hannunka

Ka juya mazaunin wayar, wato wurin da take zama tana caji, ka dubi kafofin da ke bayansa. Idan ka ga wurin sa SIM da eriya, wannan wayar tebur ce irin wadda ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan wayar ofis, tana aiki ne da sabis ɗin wayar hannu, kuma ba ta shiga wannan tsari. Idan ka ga ƙaramar kafa mai kusurwa huɗu da aka rubuta wa LINE ko TEL, wadda ake kira RJ11, to wayar girke ce ta asali irin ta zamanin NITEL, kuma za ta buƙaci adafta da ake kira ATA kafin ta hau intanet. Idan kuwa kafar ta fi faɗi, irin wadda ake soka igiyar kwamfuta, an kuma rubuta mata LAN ko Internet, to mazaunin da kansa yana jin yaren intanet, igiya ɗaya kawai za ka ja daga rauta.

Bayan haka sai ka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashin mazaunin. Kalmar da ake so a gani ita ce DECT, tsarin da ke aiki a zangon 1880 zuwa 1900 MHz a Turai da sauran ƙasashen da suka bi tsarinta, wanda ba ya cin karo da Wi-Fi.

Gargaɗi: Wayar da aka rubuta wa DECT 6.0 ta kasuwar Amurka ce, tana aiki a zangon 1920 zuwa 1930 MHz, wanda ya faɗa cikin zangon da kamfanonin wayar hannu ke amfani da shi wajen 3G a ƙasashe da yawa. Cajarta kuma sau da yawa ta volt 120 ce kawai, wutarmu kuwa tsakanin 220 da 240 take, don haka soka ta a bango ba tare da duba rubutun jikinta ba na nufin ƙonewa nan take. Tsofaffin wayoyin da aka rubuta wa 2.4 GHz su ma a guje su, domin suna rikici da Wi-Fi na gidan. Haka nan a cikin kayan gwanjo har yanzu ana cin karo da wayoyi masu tambarin Skype; an rufe Skype a watan Mayun 2025, saboda haka wannan tambari ba shi da sauran amfani.

Mataki na 2: Auna intanet ɗin gidan

Kiran murya ba ya cin data da yawa. Abin da yake buƙata shi ne layin da ba ya tangarɗa. Da tsarin matse murya na G.711, wanda shi ne mafi tsabtar sauti a cikin na yau da kullum, kira ɗaya yana jan kusan kilobit 87 a kowace daƙiƙa wajen fita, da kwatankwacinsa wajen shigowa, wato kimanin MB 1.3 a minti ɗaya, ko kusan MB 80 a awa. Da G.729 kuwa abin bai kai rabin MB a minti ba. Ke nan ko ƙaramin kunshin data zai ɗauki hirar wata guda.

Ka tsaya kusa da rauta ka yi gwajin saurin intanet a wayarka, amma ka bar kallon babbar lambar sauri, ka dubi wadda aka rubuta wa ping, mai nuna jinkirin layin, da wadda aka rubuta wa jitter, mai nuna yadda jinkirin ke hawa da sauka. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga mai magana zuwa mai sauraro ya wuce milisakan 150. Idan ya zarce haka sosai, sai ka ji mutane biyu suna ta cin karo da maganar juna. Jitter kuma ana so ya zauna ƙasa da milisakan 30. Ka maimaita gwajin sau uku a rana, musamman bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya hau intanet, domin a lokacin ne yawancin kiran gida ke gudana, kuma a lokacin ne sabis ke nuna halinsa na gaskiya.

Gargaɗi: Dole rautarka ta kasance tana da kafar LAN. Ƙaramar MiFi ta aljihu galibi ba ta da ita, kuma adaftocin ATA da mazaunan DECT da igiya suke aiki, ba da Wi-Fi ba. Masu Starlink su duba tasu rautar, domin samfurin ƙarni na biyu ba ya zuwa da kafar igiya sai an sayi adaftarsa daban.

Mataki na 3: Buɗe asusu ka gwada shi a wayar hannu

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka zan ɗan daɗe. Wannan tsari ba ya kiran WhatsApp, ba ya kuma amsa kiran WhatsApp, Messenger ko Telegram, domin waɗannan manhajoji kowace a rufe take da nata tsarin. Yaren da adaftar ke ji sunansa SIP, kuma abin da za ka nema shi ne kamfanin da ke ba da asusun SIP wanda ya yarda ka yi amfani da na'urarka. Daga cikin sanannu akwai Callcentric a Amurka, VoIP.ms a Kanada, sipgate a Jamus, da Zadarma. A Najeriya ma akwai kamfanonin da ke da lasisin NCC masu sayar da layin SIP da lambar gida ga 'yan kasuwa, kuma idan yawancin masu kiranka a cikin ƙasa suke, su ya fi dacewa ka fara tuntuɓa.

Kafin ka biya ko sisi, ka san wace buƙata ce taka a cikin uku. Ta farko ita ce kira tsakanin gida biyu da kai ne ka girka musu, misali gidan iyaye a Katsina da gidan ɗa a Landan. A nan asusu biyu a kamfani ɗaya sun wadatar, kuma yawancin kamfanoni ba sa cajin kiran da ke tsakanin asusunsu. Data kawai za ta tafi. Ta biyu ita ce kiran lambobin waya na yau da kullum, inda za ka zuba kuɗi a asusu a riƙa cira bisa minti. Ta uku ita ce mallakar lambar da kowa zai iya kira, wadda ake biya wa haya duk wata. Lambar Amurka ko Ingila kan kama 'yan daloli kaɗan a wata, wasu ƙasashen kuma sai ka nuna shaidar zama a can kafin a ba ka.

Ka buɗe jadawalin farashin kamfanin ka duba ƙasashen da kai kake kira, ba waɗanda suka sa a talla ba. Kiran layin girke a Amurka ko Ingila yana da arha ƙwarai, amma kiran wayar hannu a Najeriya ya ninka shi sau da yawa, na Nijar da Chadi kuma ya fi haka tsada. A ganina, wanda ke zaune a Kano yana son kiran Zariya babu ribar da zai samu ta bi ta kamfanin waje. Layinsa na hannu ya fi masa sauƙi. Ribar tana wajen kiran ƙetare da kuma kiran gida da gida. Ka kuma tabbatar katin bankinka yana biyan kuɗin waje, ka fara da mafi ƙarancin kuɗin da suka yarda a zuba.

Idan asusu ya buɗe za a ba ka abubuwa uku ko huɗu: adireshin saba (server), wato kwamfutar kamfanin da kira ke bi ta kanta, sunan mai amfani wanda galibi lamba ce, kalmar sirri ta SIP wadda sau da yawa daban take da ta shiga shafin kamfanin, wani lokaci kuma da adireshin da ake kira Outbound Proxy. Ka rubuta su a takarda. Daga nan ka sauke manhajar Zoiper ko Linphone a wayarka, ka hau Wi-Fi ɗin gidan da za a girka wayar, ka shigar da bayanan, ka yi kira. Idan murya ta tafi ta dawo lafiya, to asusun da intanet ɗin sun ci jarrabawa, duk matsalar da ta biyo baya ka san daga na'ura take. Wannan gwaji na minti goma shi ne ya fi kowane mataki cece ka daga asara.

Gargaɗi: Wasu ƙasashe, irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suna toshe kiran intanet da bai bi ta kamfanonin da suka ba lasisi ba, saboda haka ɗan'uwan da ke Dubai ya fara gwadawa daga can kafin ku sayi komai. A Najeriya kuma NCC ta haramta shigo da kiran waje a sauya masa fuska ya fito da lambar gida. Duk wanda ya yi maka tayin irin wannan dabara, ka rabu da shi.

Mataki na 4: Sayen kaya

Wanda ya riga ya mallaki waya mai kafar RJ11 zai sayi ATA. Wanda na fi sabawa da shi shi ne Grandstream HT801 mai kafar waya ɗaya, da ɗan'uwansa HT802 mai biyu. Sabo a kasuwannin waje yakan kama tsakanin dala 35 da 60, a nan kuma farashin yana bin canjin ranar da kuɗin dako. Cisco SPA112 ma yana aiki, sai dai an daina ƙera shi. Wanda zai fara daga tushe, musamman mai shago ko ofis, ya fi masa ya sayi mazauni mai intanet a jikinsa, irin Yealink W70B, Grandstream DP752 ko Gigaset N510 IP PRO, wanda idan an haɗa da waya marar igiya ɗaya yakan haura dala 100. Bambancin kuɗin yana da dalili. Mazaunin da ke bayan ATA kira ɗaya yake ɗauka a lokaci guda ko da wayoyi huɗu aka haɗa masa, shi kuwa mai intanet yana ɗaukar kira da yawa a tare, kuma kowace waya tana iya samun lambarta.

Sauran kayan su ne igiyar intanet mai kan RJ45, igiyar waya mai kan RJ11 a ɓangarorin biyu, batura masu caji ƙirar AAA nau'in NiMH idan irinsu wayar ke ɗauka, da ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta. A Farm Centre ta Kano, Banex ta Abuja ko Computer Village ta Ikeja ana samun igiyoyi da batura cikin sauƙi, amma ATA ɗin kansa sau da yawa sai an yi oda ko an je wurin masu kayan haɗa kwamfutocin ofis.

Gargaɗi: ATA na hannu da ke ɗauke da tambarin wani kamfanin waya na waje yawanci a kulle yake da wannan kamfani, ba zai karɓi asusunka ba. Kada ka biya sai mai kaya ya buɗe maka shafin saitinsa a gabanka ka ga guraben suna karɓar rubutu. Kuma kada a sa wa wayar batirin da ba na caji ba, domin mazaunin zai yi ta tura masa wuta har ya fashe ya zubar da ruwa a ciki.

Wata 'yar hanya da ya kamata a duba kafin sayayya: wasu rautocin 4G na Huawei, irin B315 da B525, suna da kafar TEL a bayansu. A wasu kafar tana ba da kiran SIM ɗin da ke ciki ne kawai, a wasu kuma akwai shafin VoIP, wato kiran intanet, a saiti inda ake shigar da asusun SIP. Idan taka tana da shafin, ka huta da sayen ATA.

Mataki na 5: Haɗa igiyoyi

Ka sa batura ka bar wayar a mazauninta ta cika caji tun daren jiya. Da safe, wuta a kashe, ka ja igiyar intanet daga kafar LAN ta rauta zuwa kafar intanet ta ATA, ka ja igiyar waya daga kafar PHONE ta ATA zuwa kafar LINE ta mazauni, sannan ka kunna rauta tukuna, ka jira ta hau, ka kunna ATA, daga ƙarshe mazauni. Ka ba ATA minti biyu ya kammala tashi.

A wannan mataki na ɓata yini guda a gidan Hajiya. Wayar da na samo daga Ingila ta zo da igiyarta mai faffaɗan kai fari irin na soket ɗin BT, kamfanin wayar Ingila, wanda ba ya shiga ATA, sai na ciro wata igiyar RJ11 daga tsohon firinta na soka. Fitilun ATA duk suka kama, wayar tana haske, amma idan na danna koren maɓalli shiru kamar an shiga rijiya. Na sake saiti ya fi sau biyar, Hajiya tana zaune a kan dadduma tana cewa ko dai a mayar wa mai ita. Sai da yamma na ɗaga kan igiyar a hasken taga na lura cewa wayoyi biyu ne kacal a cikinta, a tsakiya, alhali wannan mazauni ta layukan gefe yake karɓar sauti, kamar yadda wasu wayoyin Ingila suke. Maganin shi ne a bar wa wayar igiyarta ta asali, a sayi ɗan adafta mai karɓar kan BT ya fitar da RJ11. Ina soka shi ƙarar layi ta fito.

Gargaɗi: Idan gidan yana da tsohuwar wayar bango da aka ja tun da, kada ka soka kafar PHONE ta ATA a cikinta sai an tabbatar an yanke ta daga layin waje.

Mataki na 6: Shiga shafin saiti

Kana buƙatar adireshin da rauta ta ba na'urar. A Grandstream, ka ɗaga wayar ka danna tauraro sau uku, ka ji murya ta fara magana da Turanci, ka danna 02, za ta karanto maka adireshin, wani abu kamar 192.168.1.25. A Cisco SPA112 tauraro huɗu ne, sannan 110 da alamar #. A Gigaset mai intanet, taɓa maɓallin da ke gaban mazaunin sau ɗaya yana fito da adireshin a fuskar wayar. Ka rubuta wannan adireshi a burauzar kwamfuta ko wayar da ke kan rauta ɗaya da na'urar.

Tsofaffin samfura suna buɗewa da kalmar admin a matsayin suna da kalmar sirri, sababbi kuma an manna tasu kalmar a takardar ƙarƙashi. Kana shiga, kafin ka taɓa komai, ka canza kalmar sirrin zuwa mai tsawo, ka rubuta ta a takardar da ka ajiye bayanan asusu. Idan na'urar ta hannu ce, ka fara mayar da ita yadda ta fito daga kamfani ta hanyar danne ɗan maɓallin RESET da tsinke na wasu daƙiƙu, domin saitin mai ita na baya yana iya hana naka aiki.

Mataki na 7: Shigar da bayanan asusu

A Grandstream shafin sunansa FXS PORT, a Yealink kuma Account. Ka sa adireshin saba a gurbin Primary SIP Server, lambar asusunka a SIP User ID da kuma Authenticate ID, kalmar sirrin SIP a Authenticate Password. Gurbin Outbound Proxy a bar shi fayau sai idan kamfanin ya ba ka abin sawa. Ka kwafa a hankali, domin tazara ɗaya da ta maƙale a ƙarshen kalmar sirri ta isa ta hana rajista, kuma ido ba ya ganinta.

Akwai saituna biyu da suka shafe mu fiye da mutanen da aka rubuta wa littafin na'urar. Intanet ɗin da ke zuwa ta SIM, har da na Starlink, yana sa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, kuma idan na'ura ta yi shiru na ɗan lokaci sai a rufe hanyar da kira zai bi ya same ta. Alamar wannan ita ce kana iya kira, amma idan an kira ka wayar ba ta ƙara, ko ta yi yau ta ƙi gobe. Saboda haka ka sa NAT Traversal a kan Keep-Alive, ka kuma rage Register Expiration daga awa ɗaya da yake zuwa da ita zuwa minti biyu ko uku, sai dai idan kamfaninka ya faɗi wani adadi. Ka lura da ma'auni: Grandstream da minti yake lissafi, Yealink da daƙiƙa, don haka 3 a wancan daidai yake da 180 a wannan. Idan duk da haka matsalar ba ta kau ba, ka sauya SIP Transport daga UDP zuwa TCP, ko zuwa TLS idan kamfanin yana karɓa. Kafar SIP ta yau da kullum 5060 ce, ta TLS kuma 5061.

A jerin tsarin murya, ka sa PCMA ko PCMU a farko, waɗanda su ne G.711, G.729 kuma ya biyo baya. Idan intanet ɗinka mai rauni ne, ka juya jerin. A wajen DTMF, wato sautin danna maɓalli, ka zaɓi RFC2833, in ba haka ba idan ka kira banki aka ce danna 1, za ka yi ta dannawa na'urarsu ba ta ji. Caller ID Scheme kuma ya bi asalin wayar: Bellcore ga ta Amurka, ETSI-FSK ga yawancin na Turai, SIN 227 ga ta Ingila. Idan wayar tana ƙara amma lambar mai kira ba ta fitowa, nan za ka dawo. Ka saita agogo a GMT+1 ga Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi, GMT ga Gana, ka danna Apply, ka sake kunna na'urar, sannan ka duba shafin Status. Kalmar da kake jira ita ce Registered.

Gargaɗi: Ka shiga saitin rautarka ka nemi SIP ALG ka kashe shi. An yi shi ne don ya taimaka wa irin wannan kira, amma a aikace shi ne kan gaba wajen jawo murya ta tafi gefe ɗaya ko kira ya yanke da kansa.

Mataki na 8: Ƙara wayoyi a kan mazauni

Wayar da ta zo a kwali ɗaya da mazauninta a haɗe take. Don ƙara wata, ka danne maɓallin rajista na mazaunin kamar daƙiƙa biyar har fitila ta fara ƙiftawa, ka shiga Registration a saitin sabuwar wayar, ka sa lambar sirri, wadda yawanci 0000 ce. Wayoyin da ke da alamar GAP suna hawa mazaunin wani kamfani su yi kira su amsa, amma littafin lambobi da wasu ƙananan ayyuka ba lallai su yi ba.

Mataki na 9: Gwajin kira

Ka fara da lambar gwajin sauti ta kamfaninka, wadda ke maido maka da muryarka, a VoIP.ms lambar ita ce 4443. Sai ka kira wayarka ta hannu, sannan ka sa wani ya kira ka daga waje, ka kuma sake sa shi ya kira bayan awa ɗaya wayar tana ajiye, domin wannan kira na biyu ne ke nuna ko saitin Keep-Alive ya kama.

Lamba ana buga ta ne da lambar ƙasa, a jefar da sifirin farko: 234 ga Najeriya, 227 ga Nijar, 233 ga Gana, 237 ga Kamaru, 235 ga Chadi, 249 ga Sudan, 966 ga Saudiyya, 44 ga Ingila. Wasu kamfanoni suna so a fara da 00, na Amurka da Kanada kuma galibi 011. ATA yakan jira kusan daƙiƙa huɗu bayan lambar ƙarshe kafin ya tura kira. Danna # a ƙarshe yana sa ya tura nan take.

Idan murya tana gutsurewa, ka duba ko wani yana sauke bidiyo ko tura manyan hotuna a lokacin, ka kunna QoS, saitin da ke fifita wata na'ura a kan sauran, a rauta idan tana da shi, ka fifita ATA. Idan kira yana yankewa bayan kusan daƙiƙa talatin a kowane lokaci, laifin SIP ALG ne ko saitin NAT. Idan wanda ka kira yana jin amsa-kuwwar muryarsa, ka rage ƙarar wayar ko ka sauke ma'aunin Gain a saitin ATA kaɗan. Idan kuma sautin yana lalacewa ne kawai sa'ad da ka nufi ƙofar gida, ba laifin intanet ba ne, ka fita daga zangon mazauni.

Mataki na 10: Toshe kafar ɓarayi

Akwai masu zagaya intanet da manhajoji suna neman na'urorin SIP da aka bari a buɗe, su yi amfani da asusun mutum su kira lambobi masu tsada har kuɗin ya ƙare. Alamar sun gano ka ita ce wayar ta riƙa ƙara da tsakar dare da lamba irin 100 ko 1000, ka ɗaga ka ji shiru. A Grandstream ka kunna Allow Incoming SIP Messages from SIP Proxy Only da Check SIP User ID for Incoming INVITE, wannan ƙara za ta daina. Kada ka buɗe kafar 5060 a rauta ko da wani ya ce hakan ne maganin rashin shigowar kira. A shafin kamfanin kuma ka kulle kiran duk ƙasashen da ba ka kira, ka kashe cire kuɗi kai tsaye daga katinka, ka bar ɗan abin da za a yi wata da shi kawai.

Mataki na 11: Wuta da wurin girkawa

Layin girke na da yana zuwa da wutarsa daga ofishin waya, wannan kuwa da an ɗauke wuta ya mutu, ko da batirin wayar a cike yake, domin rauta da ATA da mazauni duk sun tsaya. Su ukun a haɗe da wuya su wuce wat 20, don haka ƙaramin UPS na rauta mai fitar da volt 5, 9 da 12 yana riƙe su na awanni, mai sola ko inbata kuma ya sa su a layin da ba ya ɗaukewa. Starlink ita kaɗai galibi tana jan sama da wat 50, ƙaramin UPS ba zai ɗauke ta ba. Ka duba volt ɗin da aka rubuta a jikin kowace na'ura kafin ka soka mata igiyar UPS, domin kan igiyoyin suna kama da juna, kuma volt 12 a kafar da ke son 5 ƙarshen na'urar ke nan. Inda ake tayar da janareta, a sa abin kare kaya daga hawan wuta.

Mazauni yana kaiwa kusan mita 50 a cikin gini, har mita 300 a fili, amma katangar siminti da ƙofar ƙarfe suna cin wannan zango sosai. Ka ɗora shi a wuri mai tsayi a tsakiyar gida, nesa da firji da talabijin, da tazarar kamar mita ɗaya daga rauta. A gidan Hajiya sai da na ɗauke shi daga kan teburin falo na kafa shi a bango kusa da tagar da ke kallon tsakar gida kafin wayar ta riƙa kamawa a madafa.

Gargaɗi: Lambar da ka saya daga kamfanin waje ba za ta kai ka ga 112 ko wata lambar gaggawa ta ƙasarka ba. Dole a bar wayar hannu mai layi da caji a gidan, kuma a gaya wa mutanen gida wannan a fili.

Idan dattijo za ka miƙa wa wayar, ka adana lambobin 'ya'ya da jikoki da cikakkiyar lambar ƙasa, ka ɗora waɗanda aka fi kira a maɓallan kira da dannawa ɗaya na 2 zuwa 9, ka rubuta sunayen da manyan baƙaƙe a takarda ka manna a bango kusa da mazauni. Ka nuna masa fitilar ATA da ke nuna layi na aiki, ka kuma koya wa wani yaro a gidan cewa idan ta mutu ya kashe rauta da ATA, ya kunna rauta, ya ƙirga minti biyu, sannan ya kunna ATA.